Ƙananan 'yan wasa a shirin katun na kwamfuta: a gina su ko a sauke daga intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu uku ne muke haɗa shirin katun mai dogon zango da manhajar Blender, kashi goma, kowanne minti 11. Jarumai biyu kawai muka gama, sun cinye mana wata huɗu. Da muka koma kan rubutun labarin sai muka ƙirga ƙananan 'yan wasa 23: mai gadi, direba, malamar makaranta, da masu wucewa a titi. Gaskiya hankalina ya tashi, don in kowanne zai ci wata biyu, ba ranar gamawa. Wani ya ba mu shawarar mu sauke waɗanda aka ciro daga wasannin bidiyo mu canza musu launin kaya da gashi, wai in an canza kashi 30 cikin 100 sun zama namu. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, lissafin da ya tsorata ka ba daidai ba ne. Ba wanda ke gina 'yan wasa 23 da irin wahalar da ya sha a kan jarumi. Koma kan rubutun, ka ƙirga wanda ke magana kuma yake dawowa a kashi fiye da ɗaya. Da wuya su wuce biyar ko shida. Sauran 'yan cika fage ne, kyamara ba ta matsowa kusa da fuskarsu.

Amma bari mu fara da shawarar da aka ba ku, don ita ce za ta iya rusa muku aikin gaba ɗaya. Wannan magana ta kashi 30 cikin 100 ba ta da tushe. Ba wata doka da ta yanka adadin canjin da zai mayar da kayan wani naka. Haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki tun ranar da aka yi shi, ba sai an yi rajista ba, kuma haka tsarin yake a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda kusan duk duniya ke cikinta. Wanda ya ciro soja daga wasan bidiyo ya ɗora a intanet ya rubuta "kyauta", ya yi kyauta ne da kayan da ba nasa ba. Ka sa wa sojan hula, ka rina masa riga, har yanzu sojan kamfanin ne. Abin takaici shi ne masu koyarwar da ke yaɗa wannan magana ba su ne za su amsa tambaya ba ranar da gidan talabijin ya ce ku kawo takardar da ke nuna asalin kowane abu da ya bayyana a allo. A YouTube ma, gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka sun isa a rufe tasha. Direba ɗaya da ya fito na daƙiƙa takwas zai iya jawo a sauke kashin da kuka yi wata biyu a kansa.

Ko a ajiye batun doka, kayan sata ba sa aiki yadda ake zato. Raga, wato saƙar ɗigo da layukan da ke ba jiki siffarsa, ta ɗan wasan da aka ciro daga wasan bidiyo tana zuwa ne a yanke, kusurwa uku-uku. Da ka sa mata abin da ke sa raga ta yi santsi sai kumatu su tsuke, gefen baki ya yi ƙulli, saboda babu zoben layukan da ya kamata su kewaye ido da leɓe. Ƙasusuwan da ake motsa jikinsa da su suna da wasu sunaye daban, don haka tafiyar da kuka riga kuka yi wa jarumanku ba za ta hau kansa ba. Sau da yawa ma'aunin girmansa a Blender ma ba a kan 1 yake ba, in ka manta ba ka daidaita shi da Ctrl+A ba kafin ɗaura ƙasusuwa, hannu zai miƙe kamar roba da zarar ya ɗaga shi. Ga kuma salo: an zana shi don wata duniya, zai tsaya kusa da jaruminka kamar baƙon da ya ɓata hanya. Kwanakin da za ka kashe kana gyara shi sun fi na gina sabo.

In dole sai an sauke wani abu, a duba lasisinsa da ido. Lasisin CC0 ba shi da sharaɗi. CC BY yana bukatar a ambaci mai shi a jerin sunaye. Duk wanda aka rubuta NC a kansa ba a kasuwanci da shi, kuma shirin da ake sa wa talla kasuwanci ne. A adana hoton shafin lasisin tare da fayil ɗin, ranar da aka sauke.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce jiki uku: namiji, mace, yaro. Gina kowanne sau ɗaya da raga mai kyau, ka ɗaura masa ƙasusuwa da Rigify, kayan aikin Blender na haɗa ƙasusuwa, ka gyara nauyin fata, wato yadda kowane ƙashi ke jan ragar, a kafaɗa, gwiwar hannu da ƙugu har sai ya lanƙwasa ba tare da ya murɗe ba. Daga nan duk sauran kwafi ne. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ƙara ko ka goge ko ɗigo ɗaya a ragar. Ja hanci, faɗaɗa ciki, rage wuya, duk ya halatta, amma adadin ɗigo da jerinsu su zauna yadda suke, don ta haka ne nauyin fata da siffofin baki ke bin kwafin. In tsawon ƙafa ya canza sosai, sai a matsar da ƙasusuwan a sa Rigify ya sake haɗa su.

Abin da mai kallo ke ganewa shi ne inuwar jiki. Cika ɗan wasan da baƙin launi, ka dube shi daga nesa. In ba ka bambance mai gadi da direba ba, canza launi ba zai cece ka ba. Ba kowanne alama ɗaya: doron baya, ƙaton tabarau, hula mai faɗi. Launinsu kuma ya ɗan dushe, kada su ƙwace ido daga jarumi. Shirin ReBoot na Kanada, wanda ya fara fita a 1994 kuma yana cikin na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, ya cika birninsa da mutane masu siffar 1 da 0, wasu akwati uku ɗaya kan ɗaya, wasu dunƙule, aka riƙa bambanta su da kayan sawa.

Mai magana layi ɗaya, siffar baki biyar ko shida da ƙiftawar ido sun ishe shi. Masu wucewa ba sa bukatar motsin fuska sam. Yi musu tafiya iri biyu ko uku, ka jinkirta farawar kowanne da firem (hoto ɗaya na bidiyo) shida ko goma, in ba haka ba duk titin zai taka ƙafa tare kamar fareti.

Kula da renda kuma, wato fitar da hotunan ƙarshe da kwamfuta ke yi. Minti 11 a firem 24 kowace daƙiƙa firem 15,840 ne. In kowanne ya ci minti biyu, kwana 22 ke nan kwamfuta ɗaya na aiki ba hutu, kashi ɗaya tak. Zanen fata, wato hoton da ake lulluɓe jiki da shi, mai girman 4096 yana cin kusan megabait 64 a ƙwaƙwalwa, na 1024 kuma 4, kuma a kan mutumin da ke can ƙarshen titi ba mai ganin bambanci. Shigo da 'yan wasan cikin fage da Link, mai haɗa su da fayil ɗinsu na asali, maimakon Append, mai yin kwafi, don in ka gyara kunnen mai gadi a fayil ɗinsa na asali, gyaran ya shiga kashi goman nan gaba ɗaya ba tare da ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba.