Tsohon jirgin faiba: ajiye fenti, fara duba katakon ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi tsohon jirgin kamun kifi na faiba, ya haura shekara 25, mai inji a baya. Launinsa ya koɗe, ƙasansa ya yi ƙuraje, daɓen kuma yana lotsawa idan na taka wajen baya. Ina so in yi masa fenti in fara fita da shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye gwangwanin fentin nan tukuna. Lotsawar daɓen ce ta fi tsaya mini a rai.

Faiba, wato zaren gilas da aka daskarar da gam, ba ta ruɓewa, katakon da aka lulluɓe da ita shi ke ruɓewa. Yawancin jiragen wancan zamani filawud ne a cikin allon baya, inda inji yake rataye, katako ne kuma a ginshiƙan da suka miƙe ƙarƙashin daɓe. Ruwa kan bi ramukan noti ya shige, ya rasa mafita, ya yi shekaru yana cin katakon, waje kuwa sumul.

Ɗauki ƙaramar guduma ta roba ka bi allon baya da daɓen kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya ƙararsa ƙwas-ƙwas take fita, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji bif. Sannan ka ɗaga injin, ka danna ƙafarsa da ƙarfi kana kallon allon: in ya motsa ko kaɗan, kada jirgin nan ya shiga ruwa. In kana tantama, huda ƙananan ramuka ta ciki. Garin katako fari busasshe alheri ne. Baƙi mai laima kuwa, aiki ya same ka. Duba soson da ke ƙarƙashin daɓe ma, don in ya sha ruwa ba ya bushewa, nauyi kawai yake ƙara wa jirgi.

Ruɓaɓɓen katako ba a yi masa magani, fitar da shi ake yi. Yanka ta ciki ka bar fatar waje yadda take, ita ce ke riƙe da siffar jirgin. Sa filawud irin na ruwa, ka shafe shi da efoksi (gam mai ƙarfi da ake haɗawa da sinadarin daskarwa) ko'ina, musamman bakin yanka, don ta nan yake shan ruwa. Ramin noti kuma ka huda shi da faɗi, ka cike da efoksi, in ya daskare ka sake huda daidai notin a tsakiya.

Wajen faci mutane suka fi yin kuskure. Goge wurin da asiton (ruwan sinadari mai narkar da maiƙo) kafin ka sa samfefa, in ba haka ba maiƙon da ke kai za ka tura cikin faibar. Fere bakin wurin a karkace, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin: kauri milimita 5, faɗi milimita 60. Ni efoksi nake zaɓa a kan tsohon jiki, duk da ya fi tsada, saboda ya fi foliyesta, ɗayan gam ɗin aikin faiba, kamawa. Sai dai ka haɗa shi da saƙaƙƙen ƙyallen faiba, don tabarmar faiba mai tsinke-tsinke yawanci domin foliyesta aka yi ta. Awon haɗi kuma yadda kamfani ya rubuta. Ƙara sinadarin daskarwa ba ya sa efoksi sauri, lalata shi yake yi.

Ƙurajen ba su kai wannan tsanani ba. Ruwa ne ya ratsa fatar waje ya taru. Fasa su, amma da tabarau a idonka, don ruwan cikin mai tsami ne kuma yakan yi tsartuwa. Wanke da ruwa mai daɗi, ka bar su makonni su bushe sarai kafin ka cike. Takunkumi da safar hannu dole ne duk lokacin guga.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma kada ka bar efoksi tsirara, rana tana cin sa. Kafin ka shafa, wanke saman efoksin da ruwa ka bi shi da samfefa, in ba haka ba fentin ɓarewa zai yi.