Murhun ƙarfe mai ƙafafu ko akwatin zurawa a bango: wanne ya dace da gidana a Kanada?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Bara muka sayi gida a bayan garin Ottawa, a ƙasar Kanada. A falo akwai murhun jin ɗumi da aka gina cikin bango, da bututun hayaƙinsa har saman rufi. Mun sha hura shi a hunturun da ya wuce, amma itace kawai yake ci, gabanka zafi bayanka sanyi. Gas ɗin furofen da ake kawo mana a tanka ya yi tsada, kuma ana ɗauke mana wuta idan an yi guguwa. Maƙwabcinmu ya ce mu sayi murhun ƙarfe mai ƙafafu mu girke a falo, mai shago kuma ya ce a zura mana akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, wanda suke kira insat, a cikin murhun da muke da shi. Muna da yara ƙanana uku. Wanne ka ga ya fi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa gidan ya zama na albarka, ya raya yaran.

A yanayin da ka bayyana, akwatin zurawa zan ce ka saya, amma sai bututun hayaƙin gidanka ya amsa wasu sharuɗɗa. Shi ne zai yanke hukunci, ba mai shago ba, ba kuma maƙwabci ba.

Abin da ka gani a hunturun bara haka yake a ko'ina. Buɗaɗɗen murhun bango ba ya bai wa ɗaki fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na zafin itacen da ya ƙone, saura duk sama yake tafiya. Abin da ya fi wannan muni, wutar tana zuƙar iskar falo, wadda ka riga ka biya kuɗin gas aka ɗumama ta, tana fitar da ita ta bututu, sai iskar waje ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofofi da gefen tagogi don cike gurbin. A daren Janairu na Ottawa, inda sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, kana iya hura wuta a falo ɗakunan kwana su ƙara sanyi. Murhun ƙarfe na zamani kuwa, ko mai ƙafafu ko na zurawa, rufaffe ne, kai ne kake ƙayyade iskar da ke shiga, kuma yana ƙone hayaƙin a karo na biyu kafin ya fita. Shi ya sa masu kyau daga cikinsu kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. A wajen cin itace, to, su biyun kusan ɗaya suke. Inda suka rabu shi ne yadda zafin yake isa jikin mutane.

Kafin mu je nan, ɗauki fitila ka leƙa cikin murhun. Idan ka ga jan bulo na gaske da siminti a tsakaninsu, kuma ginin ya taso tun daga harsashi har ya fito saman rufi, to ginannen murhu gare ka, kuma irinsa aka yi wa akwatin zurawa. Idan kuwa ka ga bangon ƙarfe da allunan da aka yi wa zanen bulo, sannan bututun zagayayyen ƙarfe ne da aka rufe da katako ta waje, to murhun masana'anta ne aka ɗora. Gidaje da yawa da aka gina a shekarun baya-bayan nan irinsa gare su. Wannan ba a zura masa akwati sai in takardar kamfanin ta yarda da hakan ƙarara, domin katakon da ke bayansa ba a tanade shi don zafin da akwati ke tarawa na tsawon sa'o'i ba. Kada ka tsaya kan idonka kaɗai. Kira ma'aikaci mai shaidar WETT, wadda ita ce takardar ƙwarewa da aka sani a Kanada a wannan aiki, ya duba bututun daga sama har ƙasa. Kamfanonin inshora da yawa ma sai sun ga rahotonsa.

Mu ƙaddara ginanne ne kuma lafiyarsa ƙalau. Akwatin zai shige ramin da kake da shi, ba zai cinye maka falo ba, ba za a huda rufi ba, kuma fuska ɗaya tak yake nuna wa yara, wadda shingen ƙarfe ɗaya ya isa ya tare. Da yara uku a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne, don gilashin ƙofar yakan yi zafin da taɓawa ɗaya ta isa ta sale tafin hannu.

Rauninsa kuma a nan yake. Gefensa biyu da bayansa da samansa duk suna cikin bulo. An yi masa riga ta ƙarfe a zagaye, iska tana shiga ta ƙasa, ta ɗauki zafi, fanka ta turo ta falo. Fankar da lantarki take aiki. Ran da aka ɗauke wuta akwatin zai ci gaba da ɗumama falo, amma zafin zai ragu sosai. Idan kuma murhun a bangon waje yake, bulon zai riƙa shan zafi yana miƙa wa dusar ƙanƙara. Ga abubuwan da nake so ka nace a kansu. A sa bututun ƙarfe mara tsatsa daga bakin akwatin har ƙololuwar bututun hayaƙi, yawanci mai faɗin inci 6. Ƙa'idar Kanada ma ta wajabta wannan, kuma in bangon waje ne a naɗe shi da abin riƙe zafi. A toshe wuyan tsohon murhun da farantin ƙarfe da audugar dutse, wato abin riƙe zafi da ba ya kama wuta, don kada zafi ya sulale sama ta gefen sabon bututun. Masu haɗawa da yawa ba sa yin wannan sai an tambaya, to ka tambaya. Sannan ka zaɓi akwatin da ya ɗan turo kai waje, ba wanda ya shafe da bango ba. Wanda ya shafe ya fi kyan gani, amma wanda ya turo kai ya fi bada zafi in babu fanka, kuma wasu har ana iya ɗora buta a kansu. Fankar ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir da inbata za su riƙe ta.

Maƙwabcinka ma yana da gaskiyarsa. Murhu mai ƙafafu ta ko'ina yake fitar da zafi, ba ruwansa da lantarki, kuma samansa ya isa a dafa shinkafa da miya. Mutanen yankinku ba su manta da ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 ba, wanda ya kakkarya turakun wuta a gabashin Ontario da Quebec, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu, wasu har makonni. Injin ɗumama gida na furofen shi ma ba ya tashi sai da lantarki. Wanda babban tsoronsa irin wannan rana ce, ko wanda gidansa ba shi da murhun bango tun farko, mai ƙafafu ya fi masa. Sai dai yana son fili. Dole a bar tazara tsakaninsa da bango da kujeru gwargwadon abin da aka rubuta a allon bayansa, a shimfiɗa masa abin da ba ya kama wuta wanda ya zarce ƙofarsa da inci 18. Tsohon murhu na hannu marar shaidar gwaji kuwa ƙa'ida ta ce a nesanta shi da bango har ƙafa 4, don haka kada arha ta ja ka. In za a yi masa sabon bututu ta rufi, kuɗin bututun kan yi kusa da na murhun ko ma ya fi. Akwai hanya ta tsakiya: a girke mai ƙafafu a dandamalin gaban murhun bango, hayaƙinsa ya fita ta baya ya hau tsohon bututun da aka sa wa sabon ƙarfe. Idan bakin murhunka yana da tsayi kuma falon yana da faɗi, ka tambayi ma'aikacin game da wannan. Abu ɗaya da ba zan ba ka shawara ba shi ne kai murhun ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fatan zafi ya hau sama. Bangon siminti zai shanye shi, hayaƙi kuma ya fi yawan dawowa a can.

Ko wanne ka saya, ɗanyen itace zai kunyata shi. Itacen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne, alhali waɗannan murahu suna son wanda danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Sayi ƙaramar na'urar awon danshi, ka faskara gungume ɗaya ka soka ta a sabuwar fuskar. Itacen bishiyoyin mafil da ash kan so shekara guda a faskare a jere inda iska ke ratsawa, na bishiyar ok kuwa yakan kai shekara biyu. Idan ka ga gilashi yana baƙi da wuri, ko ƙarshen itace yana kumfa yana tsuwa, ɗanye ne, kuma hayaƙinsa yana manna baƙar kwalta a cikin bututu, ita ce ke haddasa gobarar bututun hayaƙi. A share shi a duba shi kowace shekara. Ka kuma lura da mudun masu sayarwa: cikakken kod ƙafa 4 ne a tsayi, 4 a faɗi, 8 a tsawo, amma a Ontario da yawa suna sayar da layi ɗaya na itace mai tsawon inci 16, wanda kusan sulusin wancan ne. Ka tambayi wanne ake nufi kafin ka biya.

Ina roƙonka kada ka yi wasa da na'urar gano iskar kabon monokzayid. Mun san yadda kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yake ɗauke mutane cikin barci a gida, iskar nan ce dai, ba ta da wari ba ta da launi. Dokar Ontario ta wajabta na'urar kusa da ɗakunan kwana a gidan da ake ƙona makamashi. Toka kuma a zuba ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi a fitar waje nesa da bango, don garwashi kan kwana biyu ko uku a cikinta da ransa.

Ka fara da kiran ma'aikacin WETT, ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, ka tambayi hukumar gari batun izinin aiki, sannan ka auna faɗi da tsayi da zurfin bakin murhun ka je shago da awon a hannunka. Itacen hunturu mai zuwa kuwa tun yanzu za ka saye shi ka jera, ko da akwatin bai iso ba.