Baba Fasto, Me Tashin Matattu Ya Amfane Ni Tun Yanzu?

Tambaya: Baba Fasto, ni mai gadi ne a Apapa, ina sujada da masu bi Hausawa a Agege. Wata huɗu ke nan da rasuwar ƙanena. Tare muka zo Legas neman abinci, ni na raka gawarsa gida. Wurin jana'iza an yi ta ce mini kada in yi kuka, ai zai tashi. Na gaskata, amma wannan sai ranar ƙarshe. Yau da nake kwana ni kaɗai a ɗakin gadi, me bangaskiyar nan ta canza mini?

Amsa: Ɗana, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da kai da dukan dangi.

Waɗanda suka hana ka kuka da alheri suke nufi, amma sun ɗora maka kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora ba. Buɗe Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, Yesu ya san zai kira shi ya fito, ya riga ya gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Duk da haka, aya ta 35 ta ce ya yi hawaye. Bulus ma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Saboda haka yi kukanka. Ƙanenka ne, ciki ɗaya.

Kana ganin tashin matattu kamar albashin da ba za a biya ba sai ƙarshen duniya. Ba haka manzanni suka koyar ba. A 1 Korintiyawa 15:20 an kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci. Kai da ka taso a gona ka san wannan. Ranar da aka karyo masarar farko aka gasa, rumbu bai cika ba tukuna, amma hankalin maigida ya kwanta, domin ya san sauran na tafe. Har tafiyarsa takan canza. Kaka ta soma ke nan tun safiyar Lahadin da mata suka tarar da kabarin Yesu ba kowa, kuma dalilin da ya sa muke taruwa ran Lahadi ke nan, ba lokacin Ista kaɗai ba.

Abu na farko da wannan ke taɓawa shi ne tsoro. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, har a gaban wata baiwa. Bayan makonni bakwai, shi ɗin ne ya miƙe a Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Ba kuɗi ya samu ba, ba sarauta ba. Yesu da aka binne ne ya gani da rai. Mutumin da ya daina ɗaukar mutuwa a matsayin ƙarshensa, da wuya a saye shi ko a razana shi. Kai mai gadi ne. Ranar da wani zai zo da kuɗi ko barazana ya ce ka kau da kai, a nan za ka gane amfanin bangaskiyar nan.

Sai kuma jiki, kuma nan ne nake ganin muna sakaci a wa'azinmu. Ba mu ce ruhu ne kaɗai zai tsira ba, jiki ne zai tashi. Bulus ya kwatanta shi da ƙwayar hatsi da ake shukawa. Don haka wahalar da ka sha kana rakiyar gawa daga Legas har gida, da gudummawar da 'yan'uwa ke haɗawa a irin wannan rana, da waƙoƙin Zumuntar Mata a gidan makoki, duk ba al'ada ce kawai ba. Iri ake kai wa gona. Wannan kuma ya hau kanka: ka ci abinci, ka yi barci idan ka sauka aiki, kada ka nemi mantuwa a kwalba.

Ka kuma tuna tarihin garin da kake zaune. A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara Arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans da Kent suka mutu da rashin lafiya, Kent a Bida. A idon duniya an yi asara. Amma mishan ɗinsu ya buɗe tasha a Patigi a 1902, daga cikinsa kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Yau ga 'ya'yan Arewa suna sujada da Hausa a garin da suka sauka. Bulus ya rufe 1 Korintiyawa 15 da cewa wahalarmu cikin Ubangiji ba banza ba ce, kuma gumin ƙanenka yana ciki.

Dare a ɗakin gadi zai ci gaba da yi maka tsawo na wani lokaci, ba zan ɓoye maka ba. A makon nan karanta 1 Korintiyawa 15 kaɗan-kaɗan, aya goma kowane dare. Kira iyayenku a waya ku ambaci sunansa, kada ku yi ta kewaye shi. Ran Lahadi kuma, bayan an tashi sujada, tsaya ka gaya wa fastonku ko wani dattijon ikilisiya abin da ka gaya mini, domin a riƙa leƙo ka a wurin aiki.