Wane ne Thomas Birch Freeman da ake danganta Methodist ta Najeriya da shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga cocin Methodist ta Najeriya tana lissafa shekarunta daga 1842, tana kuma ambaton wani fasto mai suna Freeman. Wani ya ce mini Bature ne, wani ya ce baƙar fata ne. Wane ne shi, kuma da gaske shi ya kawo wannan ɗarika?
Daga wata mai karatu a Jos

Amsa: Barka kadai, malama. Waɗanda suka ba ki labarin duk suna da rabin gaskiya. An haifi Thomas Birch Freeman a 1809 a ƙauyen Twyford da ke Ingila. Mahaifinsa baƙar fata ne ɗan asalin Afirka, mahaifiyarsa kuma Baturiya. Sana'arsa ta farko kula da lambu ce a gidan wani attajiri kusa da Ipswich, kuma wa'azin da yake yi wa Methodist ne ya raba shi da wannan aiki.

Ya sauka Cape Coast, a Ghana ta yau, a Janairun 1838, a lokacin da zuwa gaɓar tekun nan kamar sa hannu ne a takardar mutuwa. Joseph Dunwell da aka fara turowa a 1835 wata shida kawai ya yi, zazzaɓi ya kashe shi. Waɗanda suka biyo shi da matansu haka suka bi sahu. Freeman ma ya kwanta, matarsa ta yi jinyarsa, ya tashi, ita ta rasu cikin makonni kaɗan da isowarsu. Shi kuwa ya kai 1890.

Game da ko shi ya kawo ɗarikar, a nan nake so ki lura da kyau. A Cape Coast tun kafin Dunwell akwai matasan Fante, ƙabilar yankin, da ke taruwa suna karanta Littafi Mai Tsarki. Ɗaya daga cikinsu, William de Graft, shi ya roƙi wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo musu littattafai daga Ingila, kuma wannan roƙo ne ya sa aka turo fasto. Haka abin yake a Badagry. Yarabawan da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, aka sauke su a Saliyo, sun fara komawa gida wajen 1839. Wasunsu sun riga sun zama Methodist a can, su ne suka rubuta takarda suna neman a turo musu mai wa'azi. Freeman ya amsa kira ne, ya isa Badagry ranar 24 ga Satumba 1842 tare da de Graft ɗin nan da matar de Graft. A Disamba ya wuce Abeokuta ya gana da Sodeke, shugaban Egba, ya dawo Badagry ya yi Kirsimeti tare da Henry Townsend na mishan ɗin Anglican. Da ya juya, ya bar de Graft a kan aikin. A ganina sunan de Graft ya cancanci a riƙa ambatonsa daidai da na maigidansa.

Abin da Freeman ya fi shahara da shi ziyarar sarakuna ce. A 1839 ya nufi Kumasi, babban birnin daular Asante, aka tsare shi makonni a Fomena kafin Sarkin Asante Kwaku Dua na ɗaya ya yarda ya shigo. Wannan ita ce daular da fataken Hausa ke sayen goronta a kasuwar Salaga. Ya koma a 1841 da kyautar keken doki, tare da 'ya'yan sarauta biyu da suka yi karatu a Ingila. A 1843 ya je wurin Sarki Gezo na Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yau. An karɓe shi da girma, an ba shi fili a Kumasi, amma Sarkin Asante bai amince a buɗe makaranta ba, kuma babu sarkin da ya bar addinin kakanninsa saboda shi. Ikilisiyar ta yi saiwa ne a garuruwan Fante, a hannun malamai da masu wa'azi 'yan ƙasa, waɗanda kuma su ne tafintocinsa, domin da Turanci yake wa'azi.

Rauninsa kuɗi ne. Yana buɗe tashoshi da makarantu fiye da abin da kasafin da ake aiko masa daga London zai ɗauka, har bashi ya taru. Saɓani da shugabanninsa ya sa ya ajiye aiki a 1857. Bai koma Ingila ba. Ya riƙe muƙamin gwamnati a Accra na 'yan shekaru, sannan ya koma tsohuwar sana'arsa, ya kafa gona kusa da garin. A 1873 aka mayar da shi aikin fasto, ya ci gaba har tsufa ya ci ƙarfinsa. Matarsa ta uku 'yar Fante ce, ɗansu kuma ya zama fasto a cocin. A Accra ya rasu, a watan Agustan 1890.