Yadda za a rage fashin karatun 'yan mata a makarantun karkara

Malama, kin tambayi abin da za a yi game da ɗalibanki mata da ke fashin makaranta na wasu kwanaki a kowane wata. Sau da yawa dalilin shi ne rashin makewayi mai sutura, domin yarinyar da ke jinin al'ada ba za ta iya wuni a inda babu wurin kimtsawa ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta tanadi bandaki ɗaya ga kowace ɗaliba 25, a keɓe shi daga na maza. A ganina ginin ne mai sauƙi. Abin da ke kashe bandakunan ƙauye shi ne rashin ruwa, da ƙofar da ba ta da sakata, da rashin wanda aka ɗora wa alhakin wankewa. Ki gabatar da maganar ga kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye mata, a samar da buta da sabulu, a kuma ajiye audugar mata a hannun malama guda da yaran suka saba da ita. Idan jiharku tana cikin AGILE, wato shirin bunƙasa ilimin 'yan mata, kamar Kano ko Katsina, tallafinsa na gyaran makarantun sakandare ya haɗa da bandakuna da samar da ruwa.