Amsa kan soson silikon da ke tsagewa a tanderu

Ɗan'uwa, ka ce ka tsoma soson katifa cikin ƙaron silikon (wani ƙaro mai kama da roba), ka gasa shi don ya koma soson tangaran a ɗakin gwajinku a Bauchi, ya fito fari, a tsattsage. Farin nan shi ya nuna inda matsalar take: iska ta shiga tanderun. Iskar oksijin ce ta cinye kabon ɗin, ta bar maka silika, wato sinadarin da ke cikin yashi. Abin da ake nema baƙi ne, silikon oksikabaid, wani nau'in tangaran mai ɗauke da kabon, kuma ba ya samuwa sai an gasa cikin iskar argon ko naitirojin, tsakanin digiri 800 zuwa 1200 na ma'aunin Celsius.

Kafin wannan, sai ƙaron ya kama jikinsa. Ka bar shi a wajen digiri 200 har ya daskare ya daina narkewa. In ba haka ba zai tsiyaye, ƙofofin su toshe.

Tsagewar kuwa gaggawa ce ta jawo ta. Daga digiri 400 zuwa 800 iskar gas ta methane da haidurojin ke fita, jikin yana tsukewa, wani lokaci har kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a tsayi. Kada ka wuce ƙarin digiri 1 ko 2 a minti. Zuba garin da ba ya tsukewa cikin ƙaron ma yana rage ɓarnar. Ni da zan fara gwada farar ƙasar Alkaleri, bayan an gasa ta an tankaɗe, tunda tana kusa da ku.

Don Allah ka fitar da hayaƙin waje ta bututu. Soson katifa na robar foliyuretan ne, in ya ƙone yana fitar da guba, har da sayanaid.