Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Ake Kama Makashi a Zahiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta littafi a kan wani jami'in bincike da ke farautar mutumin da yake kashe mata ɗaya bayan ɗaya. Na kai tsakiya na kakare. A littattafan Turawa, jami'in yakan nazarci halin makashin har ya gano shi daga kan kujerarsa. Haka ake yi a zahiri? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Masu nazarin hali suna nan da gaske. Hukumar FBI ta Amurka ta buɗe sashensu a 1972, kuma jami'anta irin su John Douglas da Robert Ressler sun riƙa shiga gidajen yari suna hira da makasa don su fahimci tunaninsu. Daga wurinsu marubuta suka ari wannan gwarzo. Sai dai ba kasafai nazari kaɗai yake kai mutum hannu ba.

Dubi Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13 a arewacin Ingila tsakanin 1975 da 1980. Sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sallamarsa. Takardun bayanai sun yi musu yawa, ga wani kaset na ƙarya da wani ya aiko da sunan shi ne makashin, suka ɓata lokaci suna neman mai irin karin harshen da ke cikin kaset ɗin. A Janairun 1981 'yan sandan sintiri biyu a Sheffield suka tarar da shi cikin mota mai lambar bogi, a nan dubunsa ta cika. Dennis Rader kuwa, wani makashi a jihar Kansas ta Amurka, da hannunsa ya aika wa gidan talabijin faifan kwamfuta a 2005, aka tono sunan cocinsa a ciki. A Fatakwal ma, kyamarar otal ce ta fallasa fuskar Gracious David-West, mai kashe mata a otal-otal, a 2019, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020.

Saboda haka ki sauko da jami'inki ƙasa, ki sa shi a Zariyar da kika sani. An tsinci gawa da asuba, dangi suna son a yi mata sutura kafin azahar, shi kuma yana roƙon a bari likita ya duba. Kawun marigayiya ya ce ƙaddara ce, an bar wa Allah. Me zai ce masa? Wallahi wannan babin kaɗai ya fi mini duk wani tseren mota. Shaidunsa su ne mai unguwa, da mai shayin da ba ya tashi sai ƙarfe biyun dare, da ɗan acaɓan da ya gani amma yake tsoron caji ofis. Ki bar shi ya kama wanda ba shi ba, ki nuna abin da hakan ya jawo wa gidan mutumin.

Abin da ya fi ci mini rai a irin waɗannan littattafai shi ne yadda ake ƙawata makashin, matan kuwa su zama lissafi kawai. Kada ki yi haka. Kowacce ki ba ta suna da sana'a da uwa mai jiran dawowarta. Idan kin kammala babin kawun nan, ki turo mini, ina so in karanta.